Shin Turawa Duk Jama'a Ɗaya Ce?

Wata malama da ke koyar da tarihi a makarantar sakandare ta aiko da tambaya kamar haka: "Malam, ɗalibaina suna yawan tambayata ko Turawa ƙabila ɗaya ce, tun da kullum a labarai sai su ji an ce ƙasashen Yamma sun ce kaza ko sun yi kaza, kamar masu baki ɗaya. Musamman masu Turancin nan, wato mutanen Ingila da Amurka da Kanada da Ostareliya, shin jama'a ɗaya ce da ta watsu a duniya, ko kuwa harshe ne kawai ya haɗa su?"

Malama, ɗalibanki ba su yi laifi ba, domin harshenmu ne ya fara yi wa mutanen nan kuɗin goro. Kalmar Bature ta kwashi ɗan Ingila da Bafaranshe da Bajamushe da Ba'amurke ta zuba a kwando ɗaya, sannan kalmar Turanci, wadda bisa ginin kalma ya kamata ta zama harshen Turawa baki ɗaya, mu a Najeriya muka keɓe ta ga harshen waɗanda suka mulke mu. Haka ma ɗan Legas yake kallon Babarbare da Bafulatani da Banufe da Bazabarme ya kira su duka Hausawa, alhali su a tsakaninsu kowa ya san gidan ubansa. Amsata a taƙaice ita ce, Turawa ba ƙabila ɗaya ba ce, masu Turancin ma ba a taru an zama ɗaya ba, sai dai abin da ya ɗaure su ya wuce harshe. Gina ɗaurin aka yi, da yaƙi da gadon sarauta da dokar majalisa da fatauci, kuma iyakar da ta raba na ciki da na waje ta sha matsawa.

Ki fara musu da Turawan da suka tako ƙasarmu, tun da sunayensu suna cikin littattafan da kike koyarwa. Hugh Clapperton, wanda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824, ya kuma dawo ya mutu a can a 1827, mutumin Sikotlan ne. Baransa Richard Lander ɗan Cornwall ne, wani lungu a kudu maso yammacin Ingila da yake da tsohon harshensa dabam. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, Bajamushe ne ɗan birnin Hamburg, ko da yake gwamnatin Birtaniya ce ta aiko shi. George Goldie, mai kamfanin da ya share wa mulkin mallaka hanya a bakin Kwara, daga tsibirin Man ya fito, tsibirin da har yau yake da majalisarsa ta kansa. Lugard a Madras ta ƙasar Indiya aka haife shi, shi kuwa Hanns Vischer, Ɗan Hausa da gidansa yake nan a Kano, haifaffen Basel ne a ƙasar Suwizalan, daga baya ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya. Kakanninmu duk Nasara suka kira su, kuma ba su yi kuskure ba, tun da tuta ɗaya suka yi wa aiki.

Shi kansa ɗan Ingila gauraye ne. Kafin zuwan kakanninsa, masu harsunan Kelt ne a tsibirin, Rumawa kuma suka mulki kudancinsa daga shekara ta 43 zuwa wajen 410. Bayan janyewar Rumawa ne wasu ƙabilu daga arewacin Jamus da Danmak na yau, wato Angil da Sakson da Jut, suka riƙa ƙetarowa suna kafa ƙananan masarautu, kuma daga sunan Angil ɗin aka samo Ingila da Ingilishi. Daga baya mayaƙan jiragen ruwa daga Danmak da Norwe suka mamaye gabas da arewa suka zauna, ba a kuwa sami sarki ɗaya da ya haɗa ƙasar ba sai Athelstan a 927. A 1066 William na Normandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci ƙasar da yaƙi, aka yi kusan shekara ɗari uku fada da kotu suna Faransanci, talaka yana Ingilishi. Tabon wannan zamani yana nan a bakinsu har yau: saniyar da makiyayi yake kiwo da tsohuwar kalmar Sakson ake kiranta, cow, amma namanta da ake kai wa masu sarauta da kalmar Faransanci ake kiransa, beef.

Mutanen Wales su ne zuriyar waɗanda aka tarar a tsibirin. Sarki Edward na Ɗaya ya ci su da yaƙi a 1282 zuwa 1283, dokokin 1535 da 1542 kuma suka shigar da ƙasarsu cikin tsarin Ingila, aka mai da Ingilishi harshen kotu da muƙami. Babban abin da ya tsare harshensu daga mutuwa shi ne fassarar Baibul da William Morgan ya fitar a 1588, domin ta sa aka ci gaba da karanta shi da wa'azi da shi kowace Lahadi. A wasu makarantun ƙarni na 19 akan rataya wa yaron da aka ji yana harshen Wales wani ɗan katako a wuya, shi kuma ya kasa kunne ya kama wani ya miƙa masa, wanda aka tashi katakon yana wuyansa shi zai sha bulala. Duk wanda ya yi makaranta a zamanin da ake cin tarar mai yin Hausa a aji zai gane wannan ba sai an yi masa bayani ba. Ƙidayar 2021 ta sami masu jin harshen wajen dubu 538, kusan kashi 18 cikin ɗari na mutanen Wales, kuma yau yana kan allunan hanya, yana da tashar talabijin tasa tun 1982.

Labarin Sikotlan dabam yake, domin ita ba da takobi aka haɗe ta ba. Ta kare kanta a yaƙin Bannockburn a 1314, ta ci gaba da zama masarauta mai cin gashin kanta, har Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta mutu ba magaji a 1603, sarkin Sikotlan James ya gaji kujerar Ingila. Aka yi fiye da shekara ɗari sarki ɗaya, majalisa biyu. Abin da ya kai su ga haɗewa a 1707 lissafi ne: attajiran Sikotlan sun zuba dukiya mai yawa a yunƙurin kafa mallaka a Darien, cikin Panama ta yau, suka tafka asara, Ingila kuma tana tsoron kada Sikotlan ta zaɓi wani sarki dabam ta buɗe wa Faransa ƙofa ta bayan gida. Sai aka biya Sikotlan kusan fam dubu 400, aka ba ta kujeru 45 a majalisar wakilai ta Landan, aka buɗe mata kasuwannin mallakar Ingila, ita kuma ta rufe majalisarta amma ta riƙe shari'arta da cocinta da tsarin makarantunta. Sunan Birtaniya a matsayin ƙasa ɗaya daga wannan ciniki ya fara aiki. Mazauna tsaunukan arewa masu harshen Gelik ne suka ɗanɗana kuɗarsu daga baya, don bayan an murƙushe tawayen da wasunsu da dama suka mara wa baya a Culloden a 1746 har tufafinsu na gargajiya aka haramta, zanen nan mai gida-gida da mazansu ke ɗaurawa. Ba a cika shekara tamanin ba sai ga Sarki George na Huɗu ya ɗaura shi a Edinburgh a 1822, zanen 'yan tawaye ya koma kayan alfahari.

Na koyi wannan darasi ne a ɗakin girkin wata dattijuwa da na yi haya a gidanta a Glasgow lokacin da nake karatu. Ina yaba mata shayi sai na ce ku mutanen Ingila kun iya haɗa shayi. Ta ajiye butar a hankali, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce ita ba 'yar Ingila ba ce, uwarta ma ba 'yar Ingila ba ce, idan kuwa ina neman 'yan Ingila to jirgin ƙasa yana tashi zuwa kudu kowace awa. Bayan 'yan makonni na miƙa takardar fam goma ta wani bankin Sikotlan a wani kanti a Landan, domin bankuna uku na can suna buga nasu kuɗin, sai mai kantin ya juya ta gaba da baya kamar na ba shi kuɗin wata nahiya. Ƙasa ɗaya ce, fasfo ɗaya, amma a ƙwallon ƙafa ƙungiya huɗu suke fitarwa, a wasannin Olamfik kuma su fito da tawaga ɗaya. A ƙuri'ar raba gardama ta 2014 kashi 45 cikin ɗari na masu zaɓe a Sikotlan suka nemi ballewa, a 2016 kuma, lokacin da Birtaniya ta zaɓi fita daga Tarayyar Turai da kashi 52, kashi 62 na Sikotlan zama suka zaɓa.

Inda miki ya fi zurfi shi ne tsibirin Ayalan, mai babban birni Dublin. Lokacin da Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Fafaroma a 1534, Ingila ta bi tafarkin Furotesta, amma yawancin mutanen Ayalan suka tsaya a kan Katolika. Daga 1609 aka riƙa ƙwace gonaki a lardin Ulster da ke arewa ana dasa Furotesta daga Sikotlan da Ingila, aka kuma kafa dokokin da suka tauye wa Katolika mallakar ƙasa da riƙe muƙami, ba su sami damar zama a majalisa ba sai a 1829, alhali tun 1801 an haɗe tsibirin da Birtaniya. Sai yunwar 1845 zuwa 1852, lokacin da cuta ta lalata dankalin da talakawa suka dogara da shi: kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kimanin miliyan ɗaya suka yi ƙaura, ana kuma ci gaba da fitar da hatsi da dabbobi daga tashoshin jiragen ruwan ƙasar. Ƙidayar 1841 ta sami fiye da mutum miliyan takwas a tsibirin, kuma har yau yawan mutanensa bai koma haka ba. Waɗannan farar fata ne, Kiristoci, ƙarƙashin sarauniya ɗaya da mutanen Landan, amma jaridun Ingila na zamanin sun riƙa zana su da kamannin birai. Bayan tawayen 1916 da yaƙin da ya biyo baya, gundumomi 26 suka fita a 1922, shida na arewa suka zauna.

A waɗannan gundumomi shida aka yi shekara talatin ana zubar da jini, mutum wajen 3,500 suka mutu, tsakanin mutanen da baƙo ba zai taɓa iya bambance su da ido ba. Su kuwa suna da hanyoyinsu. Birni guda, Katolika yana ce masa Derry, Furotesta yana ce masa Londonderry. Harafin H kaɗai yakan tona asiri, domin wanda ya yi makarantar Furotesta yakan ce "eic", wanda ya yi ta Katolika ya ce "heic". Yarjejeniyar sulhu ta 1998 ba ta yi ƙoƙarin narkar da su su zama ɗaya ba, sai ta rubuta cewa duk haifaffen Ayalan ta Arewa yana da haƙƙin ya ɗauki kansa ɗan Ayalan, ko ɗan Birtaniya, ko duka biyun, ya kuma riƙe fasfon da ya ga dama. A ganina wannan sakin layi yana cikin mafi hikimar abin da 'yan siyasar Turai suka rubuta a ƙarnin da ya wuce.

To me ya riƙe su tare har suka mulki kusan rubu'in duniya? Masana da dama sun tsaya a kan abu uku, kuma ina tare da su. Na farko aƙidar Furotesta, wadda dokar 1701 ta sa ta zama sharaɗin hawa gadon sarauta, kuma har yau sharaɗin yana nan. Na biyu yaƙe-yaƙe da Faransa, waɗanda suka yi ta maimaituwa daga 1689 har zuwa Waterloo a 1815, domin babu abin da ke sa ɗan Sikotlan da ɗan Ingila su manta tsohuwar gaba kamar ganin Bafaranshe a bakin teku. Na uku daular mallaka, wadda ta ba ɗan talakan Sikotlan ko Ayalan aikin soja da likita da injiniya da Di'o a ƙasashen da bai taɓa mafarkin gani ba. Idan kin lura, duka ukun sun yi sanyi a yau: coci ta ragu, Faransa ta zama ƙawa, daular ta watse, shi ya sa maganar ballewa ta dawo.

Da suka ƙetare teku zuwa Amurka ma ba su bar bambancinsu a gida ba. Waɗanda suka sauka a Virginia daga 1607 neman dukiya suka je, suka kafa gonakin taba, daga 1619 kuma aka fara kawo musu 'yan Afirka. Waɗanda suka sauka a Massachusetts daga 1620 masu tsananin addini ne da suka guje wa Cocin Ingila. Pennsylvania ta William Penn mafakar 'yan ɗariƙar Kweka ce da Jamusawa, Maryland an kafa ta ne don Katolika su sami wurin zama, Furotestan Ulster kuwa suka nausa cikin tsaunuka. Waɗannan su ne suka yaƙi uwar ƙasarsu suka ɓalle a 1776, sojojin Birtaniya suka ƙone fadar shugaban Amurka a 1814, sannan Amurkawan suka juya kan junansu daga 1861 zuwa 1865 a kan bautar mutum kusan miliyan huɗu, fiye da dubu 600 suka mutu. Abin da nake so ɗalibanki su kama a nan shi ne yadda da'irar "mu" ta riƙa buɗewa da rufewa. A 1751 Benjamin Franklin yana kukan cewa Jamusawan Pennsylvania ba za su taɓa ɗaukar harshe da al'adun masu Ingilishi ba. A shekarun 1850 an yi jam'iyya guda da babban aikinta ƙin Katolika baƙi, musamman 'yan Ayalan. Dokar 1924 ta taƙaita shigowar Italiyawa da mutanen Poland da Yahudawan gabashin Turai, ba a soke tsarin ba sai a 1965. Amurka ba ta zaɓi shugaba Katolika ba sai John Kennedy a 1960, kuma sai da ya tsaya gaban malaman coci ya tabbatar musu ba daga Fafaroma zai riƙa karɓar umarni ba. Jikokin waɗanda aka ƙi jiya su ne yau ake lissafawa cikin farar fata ba tare da ko tari ba.

Kanada tun daga tushe ƙasa ce mai harshe biyu, domin Birtaniya ta ci Quebec daga hannun Faransa a 1759 amma ba ta iya haɗiye mutanenta ba, kuma a ƙuri'ar 1995 da ƙuri'u wajen dubu 54 kacal lardin ya fasa ballewa. Nuzilan tana jingina kafuwarta ga yarjejeniyar Waitangi ta 1840 da shugabannin Mawori, 'yan asalin ƙasar, ta kuma mai da harshensu na hukuma a 1987.

Ostareliya ce ta bar mana labarin da ya fi nuna yadda ake wasa da iyakar nan. An fara ta a 1788 a matsayin wurin jibge fursunoni, aka kai wajen dubu 160 a cikin shekara tamanin, da yawansu 'yan Ayalan. Da ta zama tarayya a 1901, cikin dokokinta na farko akwai wadda aka yi don hana waɗanda ba farar fata ba shigowa, amma saboda kada a rubuta launin fata ɓaro-ɓaro sai aka ƙirƙiro jarrabawar shifta: jami'i zai karanta wa baƙo kalmomi hamsin a duk harshen Turai da ya ga dama, idan ya kasa rubutawa a mai da shi. A 1934 wani ɗan jarida ɗan gurguzu daga birnin Prague, Egon Kisch, ya zo taron adawa da yaƙi, gwamnati ta hana shi sauka, ya yi tsalle daga jirgin ruwa a Melbourne ya karya ƙafa. Mutumin yana jin harsunan Turai da dama, don haka aka yi masa shiftar a harshen Gelik na tsaunukan Sikotlan, ya faɗi. Da magana ta je babbar kotu, sai alƙalai suka yanke cewa Gelik ba ya cikin harsunan Turai da dokar take nufi. Bature aka hana shiga da dokar da aka yi don kare Turawa, aka kuma kuɓutar da shi ta hanyar cire wani harshen Turawa daga lissafi. Ba a kammala kawar da manufar ba sai a 1973.

Ita kuwa maganar "al'ummomi masu Turanci" a matsayin dangi ɗaya, 'yan siyasa da marubuta ne suka raine ta daga ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da Birtaniya ta fara ganin Jamus da Amurka suna kamo ta, ta ga gara ta jawo Amurka jiki. Winston Churchill, wanda mahaifiyarsa Ba'amurkiya ce, shi ya fi kowa tallata ta, har ya rubuta tarihinsu a juzu'i huɗu da suka fito daga 1956 zuwa 1958. Ba tatsuniya ce zalla ba. Suna da salon shari'a ɗaya, wanda alƙali yake gini a kan hukuncin alƙalan da suka gabace shi, saɓanin Faransa da Jamus da suka dogara ga rubutaccen kundi. Sarki ɗaya ne a kan Birtaniya da Kanada da Ostareliya da Nuzilan. Tun daga yarjejeniyar 1946 tsakanin Landan da Washington, ƙasashen biyar suna musayar bayanan leƙen asiri irin wanda ba sa yi da kowa. Amma ki dubi wanda aka bari a waje. Jamhuriyar Ayalan Turanci take yi, amma ta ƙi shiga yaƙin duniya na biyu, ta fita daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 1949, ba ta kuma cikin ƙungiyar tsaro ta NATO. Jamaika Turanci take yi, Indiya da Najeriya suna da miliyoyin masu jin sa, amma ba su Churchill yake nufi ba, kuma kowa ya san dalili. Tsakanin biyar ɗin ma harshe da haƙori sukan saɓa. A 1956 Amurka ta matsa wa Birtaniya ta fuskar kuɗi har ta janye daga mashigin Suwez a wulaƙance. Birtaniya ta ƙi tura soja Biyetnam alhali Ostareliya da Nuzilan sun tura, a 2003 kuma Kanada da Nuzilan suka ƙi shiga mamayar Iraƙi.

Kalmar "Yamma" ta fi wannan sako-sako. Mu a ƙasar Hausa Turai arewa take da mu, Ostareliya kuwa can gabas take, don haka ba alƙibla ake nufi ba. Masu amfani da kalmar sukan jingina ta ga Girka da Rum da Kiristanci da juyin ilimin kimiyya, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai sarƙar ba ta miƙe kamar yadda ake zana ta ba, tun da wani babban kaso na ilimin Girkawa ta hannun malaman Musulmi irin su Ibn Sina da Ibn Rushd ya koma Turai, aka fassara shi daga Larabci a birane irin su Toledo. Waɗannan da ake kira iyali ɗaya su ne suka yi yaƙin shekara talatin daga 1618 zuwa 1648 a kan ɗariƙa da mulki, su ne kuma suka kunna yaƙin duniya sau biyu. Yammar da ake faɗa a labarai yau bayan 1945 aka haife ta, da kafa NATO a 1949 don tsoron Tarayyar Sobiyet. Jamus da aka yaƙa ta shigo ciki, Sifaniya da Portugal da Girka suna ƙarƙashin kama-karya har tsakiyar shekarun 1970, Poland kuwa "Gabas" ce har 1989, sannan ta shiga NATO a 1999. Idan ɗan jarida ya ce ƙasashen Yamma sun saka takunkumi, yana magana ne a kan gwamnatoci masu ƙawance, kuma a wannan ma'ana kalmar tana da amfani. Idan aka ɗauke ta aka ɗora wa mutane da halayensu, a nan take fara ɓatar da mai sauraro, domin Ba'amurken Texas mai bindiga a mota kuma mai goyon bayan hukuncin kisa, da ɗan Suwidin da ƙasarsa ta soke hukuncin tun da daɗewa, ba su da ra'ayi ɗaya a kan Allah ko haraji ko asibiti.

Hausawa ma sun ga wannan bambanci da idonsu, domin iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi ta raba salon mulki biyu. Turawan Ingila, waɗanda a gidansu suka saba da ƙasa mai shari'a iri-iri da coci iri-iri, sun bar sarakuna da kotunan alƙalai da baitulmali suka yi mulki ta hannunsu. Faransawa, waɗanda juyin juya halinsu ya gina ƙasa a kan doka ɗaya da harshe ɗaya, sun rage ikon sarakuna suka mai da su tamkar ma'aikatan kwamanda. Halin bai canza ba. Faransa ta hana sa ɗankwali da sauran fitattun alamomin addini a makarantun gwamnati a 2004, kuma ƙidayarta ba ta tambayar addini ko ƙabila, alhali a Landan 'yar sanda tana iya sa hijabi, ɗan Sikh ya sa rawaninsa, ƙidaya kuma ta tambayi kowa asalinsa.

Daga wannan ƙidayar ne za ki ga inda maganar ta kwana a yau. A 1948 jirgin ruwan Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen tsibiran Karibiyan a kusa da Landan, a shekarar da doka ta ba duk talakawan daular matsayin ɗan ƙasa. Daga 1962 aka fara rufe ƙofar, a 2018 kuma ta bayyana cewa an riƙa ɗaukar wasu daga cikin mutanen wannan zamani, waɗanda suka yi shekara hamsin a ƙasar, a matsayin baƙin haure, har aka kori wasunsu, abin da ya ci kujerar ministar cikin gida. Ƙidayar 2021 a Ingila da Wales ta nuna masu kiran kansu Kirista sun sauko zuwa kashi 46, karo na farko ƙasa da rabi, marasa addini sun kai kashi 37, Musulmi kuma miliyan 3.9. Wani abin lura shi ne, 'ya'yan baƙi a Ingila sun fi yawan kiran kansu 'yan Birtaniya a kan 'yan Ingila, domin sunan farko tun asali rumfa ce da aka kafa don ta ɗauki jama'a fiye da ɗaya, na biyun kuwa mutane da yawa suna jin ƙamshin jini da zuriya a jikinsa, kuma ana nan ana jayayya a kai. A 2023 firaministan Birtaniya Rishi Sunak ne, mabiyin addinin Hindu da asalin iyayensa daga Punjab yake, magajin garin Landan Sadiq Khan ne, ɗan direban bas daga Pakistan, firaministan Ayalan Leo Varadkar ne, ɗan wani likita daga Indiya, shugaban gwamnatin Sikotlan kuma Humza Yousaf ne, Musulmi da mahaifinsa ya zo daga Pakistan. A lokacin Yousaf shi ne yake jagorantar jam'iyyar da ke neman warware haɗewar 1707, Sunak kuma shi ne yake Landan yana ƙin ba da izinin sake kaɗa ƙuri'a, bayan kotun ƙoli ta yanke a Nuwamban 2022 cewa majalisar Edinburgh ba ta da ikon kiran ƙuri'ar ita kaɗai.